Sa'a Mai Kyau da Sa'a Mai Nahisa: Yadda Kalandar Hindu Take Raba Yini

A farkon watan Yuni na shekara ta 1947, Lord Mountbatten, wakilin Sarkin Ingila na ƙarshe a Indiya, ya sanar cewa ƙasar za ta sami mulkin kai ran 15 ga Agusta. Jama'a suka yi murna. Amma da masu duban taurari suka buɗe littattafansu sai hankalinsu ya tashi. Suka ce ranar nan, wadda ta faɗo Jumma'a, ba ta dace da ƙasar da za ta soma sabon zama ba. Masu rubuta tarihi sun ce ƙorafin ya kai har kunnen shugabanni. A ƙarshe aka sami mafita. Majalisa ta zauna da daren 14 ga wata, da ƙarfe 12 ya buga aka karɓi mulki. A wurin Turawa 15 ga wata ta riga ta shiga. A wurin mai bin lissafin Hindu kuwa ana nan cikin ranar jiya, gama shi sabuwar rana ba ta somawa sai hantsi ya leƙo, rana ta fito. Kowa ya sami abin da yake so.

Wane irin littafi ne wannan da har shugabannin babbar ƙasa suka saurare shi? Shi za mu duba a wannan wata.

A bakinmu kalmar nan "sa'a" tana da ma'ana biyu. Mukan ce sa'a ɗaya minti 60 ce. Mukan kuma ce wane ya taki sa'a, ko kuwa sa'a ta fi sammako. Kalandar Hindu ta haɗa ma'anonin nan biyu a shafi guda. Tana auna lokaci, sa'an nan tana yanke hukunci a kansa, ta ce wannan mai kyau ne, wancan kuwa nahisa ne, wato marar sa'a. Ayyuka biyu ke nan dabam dabam, ko da yake an tufka su kamar igiya. Idan muka iya warware su, za mu ga abin da ya cancanci yabo, mu kuma ga inda ya kamata iyali su yi hattara.

Littafi mai gaɓoɓi biyar

Sunan kalandar Pancanga. A harshen Sanskirit, tsohon harshen malaman Hindu, "panca" biyar ke nan, "anga" kuwa gaɓa. Kowace rana tana da abubuwa biyar da ake rubuta mata.

Na fari shi ne wara, wato sunan rana a cikin mako. Namu sunayen yawancinsu ƙidaya ce da muka aro daga Larabci: Lahadi ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, haka har Alhamis. Su kuwa kowace rana sun ba ta mai gida daga sama. Lahadi ta rana ce, Litinin ta wata, Talata ta Mirriku, Laraba ta Uɗaridu, Alhamis ta Mushtari, Jumma'a ta Zuhura wadda muke kira Gamzaki in ta fito da asuba, Asabar kuwa ta Zuhalu.

Na biyu shi ne tithi, kwanan wata. Mu mukan ƙidaya kwanan wata daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar rana. Su kuwa tazara suke aunawa. Kewayen sama digiri 360 ne. Duk sa'ad da wata ya ƙara wa rana tazarar digiri 12, tithi ɗaya ya cika. In ka raba 360 da 12 za ka sami 30, don haka wata ɗaya tithi 30 ne: 15 na farin wata, 15 na duhun wata. Da yake wata yakan yi sauri wani lokaci, ya rage wani lokaci, tithi yana iya zama gajere kamar awa 20, ko ya yi tsawo har awa 26. Yana iya somawa da tsakar rana ya ƙare gobe da hantsi.

Na uku shi ne nakshatra, masaukin wata. Wata yakan kewaye taurari cikin kwana 27 da ɗan ɗoriya, saboda haka suka raba hanyarsa masauki 27. Na farko Ashwini, na ƙarshe Rewati. Na uku, Kirittika, mun san shi sarai, shi ne Kaza da 'Ya'yanta. Malaman hisabi na ƙasarmu, masu bin lissafin Larabawa, su masauki 28 suke ƙidayawa, amma hanyar ɗaya ce.

Na huɗu yoga ne, wanda ake samu in an haɗa tafiyar rana da ta wata. Shi ma iri 27 ne. Na biyar karana, rabin tithi. Sunayen karana 11 ne, a cikinsu akwai ɗaya mai suna Bhadra wanda ake gudu ƙwarai.

Ba malamai kaɗai suke karanta Pancanga ba. A jihar Tamil Nadu, can kudu, akwai wata da ake bugawa a birnin Cennai tun shekara ta 1883, jama'a suna kiranta Pancangar Maciji saboda hoton da yake bangonta. A Mumbai kuwa, a 1973, wani mutum mai suna Jayantrao Salgaonkar ya soma buga kalandar bango mai suna Kalnirnay. Ya sauƙaƙa lissafin ya mai da shi ƙarfe kaza da minti kaza, a bayan kowane shafi kuma ya sa girke-girke da shawarwarin gida. Ana sayar da miliyoyinta kowace shekara. Yanzu kuma wayar hannu tana yi wa mutum lissafin garin da yake zaune, ko Delhi ne, ko London, ko Ikko.

Watanni da shekaru

Watanni 12 na wata kwana 354 ne, shekarar rana kuwa kwana 365 da kwata. Akwai giɓin kwana 11. Mun san wannan giɓi, gama shi ne yake sa azumin maƙwabtanmu Musulmi ya riƙa zagayawa daga bazara zuwa hunturu. Mutanen Hindu ba su bar watanninsu su yi yawo haka ba, domin bukukuwansu a ɗaure suke da damina da kaka. Sai suka riƙa ƙara wata guda, na 13, bayan kowane wata 32 ko 33. Suna kiransa Adhika, wato ƙari. A 2023 an yi irin wannan wata daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Ta haka bikin fitilu, Diwali, ba ya wuce tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Mu ma da irin wannan haɗi na wata da rana muke samun ranar Ista, shi ya sa take motsi tsakanin Maris da Afrilu amma ba ta taɓa faɗowa cikin damina sosai ba.

Indiya babbar ƙasa ce, ba kuwa baki ɗaya take ba a wannan sha'ani. A arewa wata yana ƙarewa ran da ya cika ya yi fari fat. A yamma da yawancin kudu yana ƙarewa ran da ya ɓuya. Mutanen Tamil Nadu, da Kerala, da Bengal, su watannin rana suke bi. Ƙidayar shekaru ma ba ɗaya ba ce. Shekarar Bikram ta soma shekara 57 kafin haihuwar Almasihu, ta Shaka kuwa a shekara ta 78 bayanta. A ƙarshen Maris na 2025 mutanen arewacin Indiya suka shiga shekara ta 2082 ta Bikram, masu bin Shaka kuwa suka shiga 1947.

Saboda wannan rikici gwamnati ta kafa kwamiti a 1952 ƙarƙashin wani mashahurin masanin kimiyya, Meghnad Saha. Kwamitin ya tarar ana aiki da kalanda wajen 30 a ƙasar. Daga aikinsa aka fito da kalandar ƙasa, wadda ta soma aiki ran 22 ga Maris 1957. Wani ofishin gwamnati a Kolkata yana buga Pancanga ta ƙasa kowace shekara cikin harsuna fiye da 10. Duk da haka gidaje da ɗakunan ibada sun ci gaba da bin wadda suka gada. A 2024 malamai suka rabu a kan ranar Diwali, waɗansu suka ce 31 ga Oktoba, waɗansu 1 ga Nuwamba, domin tithin ɓuyan wata ya taɓa ranakun biyu.

Yadda ake raba yini

Yanzu mun zo wurin da kalandar take shiga harkar kowace safiya. Bari mai karatu ya ɗauki takarda da fensir. A auna daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a raba gida 8. In rana ta fito ƙarfe 6 ta faɗi ƙarfe 6, kowane gida awa ɗaya da rabi ke nan. Ɗaya daga cikin gidajen nan na Rahu ne, ana kiransa Rahu Kalam, a cikinsa ba a soma wani muhimmin abu. Ga yadda yake faɗowa:

Litinin, 7.30 zuwa 9.00 na safe.
Asabar, 9.00 zuwa 10.30.
Jumma'a, 10.30 zuwa 12.00.
Laraba, 12.00 zuwa 1.30 na rana.
Alhamis, 1.30 zuwa 3.00.
Talata, 3.00 zuwa 4.30.
Lahadi, 4.30 zuwa 6.00 na yamma.

Akwai gida na biyu mai suna Yamaganda, wanda aka danganta da Yama, mai ɗaukar rai a addininsu. Akwai na uku, Gulika, wanda suke cewa abin da aka yi a cikinsa zai maimaitu. Saboda haka ba a fita da gawa a lokacin, amma ana iya sayen zinariya. In ka haɗa ukun, awa 4 da rabi ke nan cikin awa 12 da suke da alama a kansu. Da yake lissafin daga fitowar rana yake somawa, yakan bambanta daga gari zuwa gari. Agogon Indiya ɗaya ne, amma rana tana riga fitowa a Kolkata da wajen awa guda kafin Mumbai. Lokacin Rahu yakan wuce a can tun mutanen Mumbai suna tsakiyar nasu.

Lokatai masu kyau su ma suna da suna. Sukan raba dare da rana kashi 30, kowane kashi minti 48, sunansa muhurta. Wanda ya faɗo daidai tsakar rana, Abhijit, ana ganinsa mai nasara ne kowace rana ban da Laraba. Wanda yake somawa awa ɗaya da minti 36 kafin fitowar rana shi ne Brahma Muhurta, lokacin tashi domin addu'a da karatu. 'Yan kasuwar Gujarat suna da nasu tsari, Cogadiya, mai suna 7, a ciki har da Riba, da Albarka, da Cuta.

Kada mu ɗauka cewa ƙasar takan tsaya cik in lokacin Rahu ya yi. Jirgin ƙasa yana tafiya, makaranta tana karatu, asibiti yana aiki. Abin da ake gudu shi ne soma sabon abu: ɗaurin aure, tarewa a sabon gida, buɗe kanti, sa hannu a takardar ciniki, fita doguwar tafiya. An fi kula da shi a kudu, akwai kuma Hindu da yawa da ba ruwansu da shi. Mutane sun ma sami dabara. A kudu, in tafiya ta kama mutum a mugun lokaci, sai ya fitar da jakarsa tun da sauran sa'a mai kyau ya ajiye a gidan maƙwabci. A ganinsu tafiya ta riga ta soma tun sa'ad da jakar ta ƙetare ƙofa.

Wane ne Rahu?

Tsofaffin labaransu sun ce wani dodo ne ya saje cikin alloli ya sha ruwan rashin mutuwa. Rana da wata suka gan shi suka tona shi, sai Bishnu ya fille masa kai. Da yake ruwan ya riga ya taɓa maƙogwaronsa bai mutu ba. Kan ya zama Rahu, gangar jikin ta zama Ketu. Tun daga ranar yake bin rana da wata da gaba, in ya kama ɗaya ya haɗiye, amma da yake ba shi da ciki sai ya sake fitowa ta wuya. Wannan shi ne bayaninsu na husufi. Ba za mu yi musu dariya ba, gama mu ma mun san yadda yara sukan fito da gwangwani da faranti suna kiɗa a daren da aka ce rana ta kama wata.

Abin sha'awa, masanan Indiya da kansu suka gano gaskiyar al'amarin tun da daɗewa. A shekara ta 499 wani saurayi mai shekara 23, Aryabhata, ya rubuta cewa inuwar duniya ce take rufe wata, wata kuma shi ne yake tare hasken rana. Indiya ta sa sunansa a tauraron ɗan adam na farko da ta mallaka, a 1975. Rahu da Ketu, a wurin masu lissafi, wurare biyu ne inda hanyar wata take gicciye hanyar rana. Ba dutse ba ne, ba wuta ba, mahaɗar hanya ce kawai. Husufi ba ya yiwuwa sai wata yana kusa da ɗaya daga cikinsu, su kuma sukan kewaye sama cikin shekara 18 da wata 7.

To, a nan ne igiyar take warwarewa. Tithi da masaukin wata abubuwa ne da kowa zai iya gwadawa. In kalanda ta ce daren yau wata zai cika kusa da Kaza da 'Ya'yanta, fita waje ka duba, za ka gani. In ta ce gobe za a yi husufi, jira ka gani. Wannan ilimi ne na gaske, an tara shi cikin ɗaruruwan shekaru. Amma a sake duban jerin lokatan Rahu da muka rubuta. Ba ruwansa da inda mahaɗar nan take a sama. Abu biyu kaɗai yake bukata, sunan ranar mako da lokacin fitowar rana. Ba abin da yake faruwa a sama ran Litinin da ƙarfe 7.30 wanda ba ya faruwa ran Talata. Sama tana faɗar inda wata yake. Cewa wannan awa mai kyau ce, waccan mugunya, mutane ne suka ɗora.

A cikin gida da kasuwa

Yawancin abin da kalandar take yi a gida ba ya cutar kowa. Iyaye sukan je wurin malamin addini da ranakun haihuwar ango da amarya, ya zaɓa musu rana da minti, a buga a katin gayyata. A arewa akwai wata 4 na damina da ba a aure, daga wajen Yuli zuwa Nuwamba. Suna cewa Bishnu yana barci. Duk manomi zai ga hikimar da take ciki, gama lokacin aikin gona ne, hanyoyi kuma sun cika da ruwa. Akwai mako 2 na tunawa da kakanni, wajen Satumba, da ba a sayen sabon abu, masu sayar da motoci ma sun san ciniki yakan ja baya. Ran Diwali kasuwar hannun jari ta Mumbai takan buɗe na awa ɗaya tak domin cinikin sa'a. Finafinan Indiya da mutanenmu suke ƙauna, su ma da yawa ba a soma ɗaukarsu sai an zaɓi muhurta, an fasa kwakwa a gaban na'ura.

A bikin Raksha Bandan, 'yar'uwa takan ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu, shi kuma ya yi alkawarin tsaya mata. A 2023 karanan nan Bhadra ya rufe yinin 30 ga Agusta, sai gidaje da yawa suka jira har bayan ƙarfe 9 na dare, waɗansu har wayewar gari. Irin wannan jira ba ya cin kowa kome, sai ɗan haƙuri.

Inda abin yake taɓa rai

Amma akwai jiran da yake da tsada, akwai kuma gaggawar da ta fi shi tsada.

Likitocin Indiya sun daɗe suna ba da labarin iyalan da sukan zo da takarda daga mai duba, su roƙa a yi wa mai ciki fiɗa a ciro jariri a rana kaza, minti kaza, domin ya zo duniya da sa'a. Ilimin likita ya nuna cewa jaririn da aka ciro kafin ciki ya cika mako 39, ba tare da dalilin ciwo ba, ya fi shiga hatsarin wahalar numfashi. Uwa kuma an sa mata wuƙa ba da larura ba.

Jaririn da ya zo a masaukin da ake kira Mula, a waɗansu gidaje akan hana uban ganin fuskarsa har kwana 27, sai an yi hadayar kau da nahisa. Ana ba da labari cewa Tulsidas, babban mawaƙin addininsu na ƙarni na 16, iyayensa sun yashe shi yana jariri saboda wannan tauraro. Yaron da aka ce zai jawo masifa, shi ne har yau ake karanta waƙoƙinsa a gidaje miliyoyi.

Akwai wata rana a Afrilu ko Mayu, Akshaya Tiritiya, wadda suke cewa kowane minti nata mai kyau ne, ba sai an tambayi malami ba. Masu kuɗi sukan sayi zinariya. A waɗansu ƙauyukan Rajastan da Madhya Pradesh kuwa, ranar ce aka saba aurar da ƙananan yara da yawa a lokaci guda. Dokar 2006 ta hana aurar da yarinya kafin shekara 18, namiji kafin 21, kowace shekara kuma hukuma takan sa ido a wannan rana.

Sa'an nan ga taron Kumbh Mela, wanda ake yi a Prayagraj kowace shekara 12 bisa ga tafiyar Mushtari. In aka ce wanka a mahaɗar koguna ya fi lada a wata rana guda, miliyoyi sukan nufi wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ran 3 ga Fabrairu 1954 ɗaruruwan mutane suka mutu a turmutsitsi. Da asubar 29 ga Janairu 2025, a ranar ɓuyan wata irin waccan, abin ya sake faruwa, hukuma ta ce mutum 30 suka rasu.

Abin da mutanen Indiya da kansu suke cewa

Ba baƙi ne suka fara tuhumar wannan al'ada ba. A Tamil Nadu, E. V. Ramasami, wanda ake kira Periyar, ya kafa wata ƙungiya a 1925 domin yaƙi da fifikon dangi da camfi. Mabiyansa sukan ɗaura aure ba malamin addini, waɗansu ma da gangan a tsakiyar lokacin Rahu, don jama'a su ga ba abin da zai faru. A 1967 jihar ta yi doka ta amince da irin wannan aure. A 1976 aka ƙara a tsarin mulkin ƙasa cewa wajibi ne ɗan ƙasa ya koyi bin hujja da bincike.

A 2008, a birnin Pune, masanin taurari Jayant Narlikar da abokan aikinsa suka yi gwaji. Suka ba masu duba takardun lokacin haihuwar yara, waɗansu masu hazaƙa a makaranta, waɗansu masu naƙasar ƙwaƙwalwa, suka ce a rarrabe su. Masu duba 27 suka mai da amsa. Abin da suka ci bai wuce 46 cikin 100 ba, wato ko mai jefa kwabo sama zai iya samun haka. Ɗaya daga cikin masu gwajin, Dokta Narendra Dabholkar, an harbe shi a Pune ran 20 ga Agusta 2013 bayan shekaru yana neman dokar hana cutar jama'a da sunan tsafi. Kwanaki kaɗan bayan mutuwarsa jiharsa ta kafa dokar. A ɗaya gefen kuma, tun 2001 aka ba jami'o'i izinin koyar da duban taurari, kotun ƙoli kuma ta ƙi hanawa a 2004. Gardamar tana nan, a majalisa da cikin gidaje, tsakanin kaka da jika.

Abin da za mu ɗauka

Mun yi wannan doguwar tafiya zuwa Indiya, amma in mun faɗi gaskiya tsoron da yake bayan Rahu Kalam ba baƙo ba ne a ƙofarmu. Mun san Larabgana. Mun san masu cewa ba a tafiya ran kaza, ba a aski ran kaza. A Indiya ma akwai Kirista da Musulmi da sukan leƙa kalandar maƙwabci a ɓoye kafin su sa ranar aure. Uban da zai aurar da 'yarsa, da matar da take kan gwiwa, duk fargabar gobe suke yi, suna neman abin da za su riƙe. Wannan abin tausayi ne, ba na ba'a ba. In Allah ya haɗa mu da Bahinde a wurin aiki ko kasuwa, ya ce a dakata masa rabin awa kafin a sa hannu, ba mu yi hasarar kome ba in mun dakata.

A cikin gidajenmu kuwa, mun gaskata wanda ya yi rana da wata shi ne mai kwanakin mako duka bakwai, bai kuwa ba wani tauraro ikon ransu ko namu ba. Saboda haka mu koya wa yaranmu lissafin sama, mu fita da su tsakar gida mu nuna musu Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki, mu gaya musu yadda Aryabhata ya gane husufi ba tare da madubin hangen nesa ba. Amma in naƙuda ta zo, a nufi asibiti ko wace rana ce. In likita ya ce a jira, a jira, in ya ce yanzu, to yanzu. Yarinya ta gama girma da karatu kafin a sa mata rana. Jaririn da aka haifa kuma, ko da tsakar dare ne, ko ran Laraba, a miƙa wa ubansa shi ya rungume tun ranar.

Domin tattaunawa a gida: Waɗanne ranaku ne kakanninmu suke gudu, wane dalili kuma suka bayar? A cikinsu wanne ne yake da hikimar noma ko ta lafiya a bayansa, wanne ne kuwa tsoro kawai? Mun taɓa jinkirta kai marar lafiya magani saboda rana?